Esi mai gida biyu: tambayoyin wanda ke son ɗaurawa da hannunsa

Wane irin esi ake nufi?

Wanda ya rabu gida biyu, wanda 'yan kasuwa ke kira sifilit. Akwati ɗaya na manne a bangon ɗaki yana huro iska, injin kuma yana waje yana ta gurnaninsa. Abin da ya haɗa su bai wuce bututun jan ƙarfe guda biyu ba, ɗaya siriri ɗaya mai kauri, sai wayar wuta da robar zubar da ruwa, duk ta rami ɗaya a bango. Babu manyan hanyoyin iska da ake bi da su ta cikin silin irin na otal-otal da gidajen Amurka.

Masana'antun Japan ne suka yaɗa wannan tsari, domin gidajensu ƙanana ne, babu sararin shimfiɗa hanyoyin iska. Can ne kuma Toshiba ta fito da esin gida mai inbata a 1981, wanda kwamfiresansa, wato injin da ke matsa gas yana tura shi, ke rage gudu da ƙara gudu gwargwadon buƙata, maimakon ya riƙa tashi yana mutuwa.

Esi ba ya ƙera sanyi. Zafin ɗaki yake kwashewa ya kai waje, gas ɗin da ke zagaye cikin bututun shi ne ɗan dakon. Riƙe wannan, zai yi maka amfani a kusan duk tambayoyin da ke ƙasa.

Da gaske ne mutum zai iya ɗaura shi da kansa, ba tare da mai gyara ba?

Ya danganta da wanda ke hannunka, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa bayan sun kalli bidiyo a intanet.

Akwai irin da aka ƙera musamman don mai gida ya ɗaura. A Amurka ya fi yawa, kuma sunan da ya fi fita shi ne MrCool, wani kamfani da ke jihar Kentucky. Sirrinsa yana cikin bututun: tun daga masana'anta an zuƙe iskar cikinsa, an cika shi da gas, an rufe bakinsa biyu da bawul. Kai dai ka ɗaura bakin a mazauninsa ka tamke da sifana, bawul ɗin ya buɗe daga ciki, iskar waje ba ta samu kafar shiga ba. Ba yanka, ba fiɗa bakin bututu, ba injin zuƙe iska. Dalilin ƙera shi haka har da doka: a Amurka, wanda zai buɗe hanyar gas ɗin esi sai yana da takardar shaida ta hukumar kare muhalli, ga kuɗin ma'aikaci da tsada. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai dokar ta fi tsauri, galibi ma ba a sayar wa mutum sifilit mai irin wannan gas sai da shaidar cewa mai lasisi ne zai haɗa.

Wanda muke saye a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ba shi ba ne. Kamarsu ɗaya a ido, amma bututun namu fanko yake zuwa, iska ce a ciki, gas ɗin duka yana kulle a injin waje. Kafin a sako shi dole a fitar da iskar nan. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce: bututuna a rufe yake da gas, ko fanko ne? Idan bakinsa murfin roba ne kawai da noti, fanko ne.

Nawa na kasuwa ne, mai bututu fanko. Me zan iya yi, me zan bar wa mai gyara?

Fiye da rabin aikin kana iyawa idan hannunka ya saba da guduma da sukudireba: zaɓen wuri, kafa farantin bango, huda rami, girke injin waje, shimfiɗa robar ruwa, naɗe bututu da tef. Abin da ya rage shi ne gyara bakin bututu ya buɗe kamar bakin kakaki don ya zauna daram a mazauninsa, tamke noti daidai ƙima, zuƙe iska, gwada yoyo, da sakin gas. Wannan yana buƙatar kayan aikin da kuɗinsu ya fi ladan mai gyara nesa ba kusa ba, kuma in dai esi ɗaya za ka ɗaura, sayensu asara ce.

Shawarata: ka kira mai gyara don wannan ɓangaren, amma ka tsaya a kansa. Tun a waya ka tambaye shi ko yana da injin zuƙe iska da agogon auna gas. In ya ce ba sai da shi ba, ai shekara goma yana ɗaurawa haka, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Me ya sa ake ta nanata maganar zuƙe iska? Na ga ana ɗaurawa ba tare da ita ba kuma yana sanyi.

Yana sanyi, ranar farko. Matsalar ba ta nuna kanta sai an ci kuɗin aiki an manta.

Abin da wasu ke yi shi ne su ɗan buɗe bawul, gas ya fito da ƙarfi ya kora iskar ta wani baki, a ji "fuuu" na daƙiƙa kaɗan, a rufe. Illarsa uku. Na ɗaya, an zubar da wani kaso na gas ɗin da masana'anta ta auna da giram, don haka esin ya fara rayuwarsa da ragi. Na biyu, iskar ba ta fita duka, kuma iska ba ta narkewa ta koma ruwa kamar gas, sai ta tare wuri ta ɗaga matsin da kwamfiresa ke turawa, ya ƙara zafi ya ƙara shan wuta. Na uku shi ne mafi muni: laimar da ke cikin iskar. Man da ke cikin kwamfiresan esin zamani yana shan laima kamar gishiri a damina, kuma in sun haɗu sai su zama asid mai cin rufin wayoyin mota daga ciki. Shekara biyu, uku, sai a ce maka kwamfiresa ya ƙone, a ɗora laifin a kan wuta.

Aikin da ya dace ba shi da wuya. A haɗa injin zuƙe iska a bakin gwajin da ke jikin babban bawul na injin waje, a bar shi ya yi aiki aƙalla minti 15 zuwa 30 ga gajeren bututu. Mai ma'aunin lantarki yana neman matsin cikin bututun ya sauka zuwa maikiron 500, wato kusan babu sauran iska. Sai a rufe, a kashe injin, a zuba wa allurar agogo ido na wasu mintuna. In ta tsaya cak, haɗin ya yi. In ta fara hawa, akwai yoyo, kuma gara a gane yanzu da gas ke kulle. Bayan nan ne ake sa alanki a buɗe bawul biyun har ƙarshe.

Wani gargaɗi da ba na wasa ba: in za a gwada ƙarfin haɗi da matsi, da naitirojin ake yi. Kada ka yarda a kawo tukunyar iskar masu walda. Oksijin da man kwamfiresa in sun haɗu cikin matsi fashewa suke yi.

Wane girma ya dace da ɗakina?

A kasuwarmu da HP ake magana, a kwali kuma BTU ake rubutawa, wato ma'aunin yawan zafin da esin ke kwashewa a awa ɗaya. Kusan haka suke haɗuwa: HP 1 shi ne BTU 9,000, HP 1.5 shi ne 12,000, HP 2 kuma 18,000. Lambar BTU ce abin dogaro, domin HP suna ne kawai da kowane kamfani ke liƙawa yadda ya ga dama.

Ɗakin kwana irin na ƙafa sha biyu sha biyu, mai silin, HP 1 ya ishe shi. Matsakaicin falo, kamar ƙafa 14 da 16, sai HP 1.5. Amma awon ƙasa ba shi kaɗai ba ne. Ɗakin da bangonsa ke kallon yamma yana shan rana tun azahar har magariba, ɗakin saman bene yana ƙarƙashin kwano kai tsaye, falon da ake tara mutum goma ba ɗaya yake da ɗakin mutum biyu ba. Irin waɗannan a hau mataki ɗaya. Ɗakin da ba silin kuwa, a fara sa silin kafin a yi maganar esi, in ba haka ba kwanon kake sanyayawa. Kada ka ɗauki lissafin da ke shafukan Amurka, inda ake cewa BTU 12,000 ya ishi babban falo har da kicin. Gidajensu na da abin tare zafi a bango, ranarsu kuma ba tamu ba ce.

Zarcewa ma matsala ce. Esin da ya fi ƙarfin ɗaki yana sanyaya iska nan da nan ya tsaya kafin ya tsotse laima, sai ka ji ɗaki da sanyi amma jiki na danƙo, musamman a watan Agusta.

Mutanen Sakkwato, Maiduguri, Yamai da makamantansu su duba wani abu a takardar jikin injin: T1 ko T3. Ana auna ƙarfin T1 ne a zafin waje na digiri 35, T3 kuma a digiri 46. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin inuwa ke haura 40, a nan ake ganin bambancinsu.

Ɗan'uwana yana Amurka. In sa ya turo min irin wanda ake ɗaurawa da kai?

Ni dai ba zan ba ka wannan shawarar ba. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce da 240, tana juyi 60 a daƙiƙa; ta Najeriya da Nijar da Gana tana wajen 220 zuwa 230, juyi 50. Ƙananan esin can da yawa na bolt 115 ne, in ka sa su a soket ɗinmu sun tafi ke nan. Ko manyan da ke cin 230 an rubuta musu juyi 60. Ga kuɗin jirgi, ga garanti da ba ya tsallaka teku, ga allon lantarkin da in ya lalace babu mai shi a kasuwa. Kuɗin da za ka kashe ya sayi mai inbata a nan, ya biya ƙwararren mai ɗaurawa, har da canji.

Shi ɗan'uwan, in a gidansa na can zai sa, to ya dace da shi. Ya dai tambayi hukumar garinsu ko aikin wutar na buƙatar izini, kuma in gidan haya ne ya nemi yardar mai gida kafin ya huda bango.

A ina zan kafa akwatin ciki?

A sama, kamar mita 2.3 daga ƙasa ko fiye, a bar aƙalla santimita 15 tsakaninsa da silin, domin ta samansa yake shaƙar iska. Kada labule ko kan wardirof ya tare gabansa. Kada ya huro kai tsaye kan gado, ballantana inda jariri ke kwana. Kada kuma ka sa shi a saman talabijin ko soket: ko wanne esi wata rana zai ɗiga.

Farantin ƙarfen da ake ratayawa a kai dole ya zauna daidai, a auna shi da ma'aunin ruwa irin na magina, ba da ido ba. In ya karkace, ruwan da ke taruwa a kwanon ciki zai gangara ɓangaren da babu mafita. A bangon bulo, a nemi wurin da kusa za ta kama sosai, don wani bulon garin yashi ne, kana hudawa yana zuba. A ginin ƙasa mai shafen siminti, gara a ratsa bangon da dogayen noti a tare su da katako ta baya.

Ramin bangon fa?

Faɗin santimita 6.5 ya ishi yawancin ƙananan esi. Na bututu mai gas a ciki yakan nemi kusan santimita 9 saboda kaurin bakinsa. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne gangara: bakin ramin na waje ya fi na ciki ƙasa da kamar santimita ɗaya. Kafin ka huda, ka tabbata babu wayar wuta ko fayif ɗin ruwa a binne a wurin.

Lokacin cusa kayan, robar ruwa ita ce a ƙasa, bututun jan ƙarfe a sama. Daga nan har inda za ta zubar, kada ta hau ko kaɗan, kada ta lanƙwashe, kada bakinta ya nutse cikin bokiti. Gwaji mai sauƙi kafin ka rufe komai: ɗaga murfin akwatin, zuba ruwa kofi biyu a hankali kan ƙarafan ciki, ka fita ka ga ya fito. In an gama a toshe ragowar ramin. Ƙadangare da ɓera da gwano duk sun san wannan hanyar, kuma tsaka ɗaya a kan allon lantarki ta isa ta kashe esi.

Ruwan da ke fita, a damina yakan cika bokiti a yini. Ya yi wa shuka da wanke tsakar gida. Ba na sha ba ne.

Injin waje yana son wuri na musamman?

Numfashi yake so. Ta baya yake jan iska ya tura ta gaba, don haka a bar kamar santimita 30 tsakaninsa da bango, gabansa kuma a buɗe, kusan mita biyu ba shinge. Lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga, inda muka fi son ɓoye shi, shi ne wuri mafi muni: zafin da ya fitar shi zai sake shaƙa. Inuwa tana taimakawa, gefen arewa ko gabas ya fi yamma, amma rumfar da ta danne shi ta fi rana illa.

A ɗaga shi daga ƙasa, kan dakalin siminti ko ƙarfen bango, saboda ruwan damina da awaki da yara. A sa roba ƙarƙashin ƙafafunsa don rage jijjiga. In sata ta sa dole a yi masa keji, a yi da rodi masu tazara, ba faranti ba, kuma a bar ƙofar da za a buɗe a wanke shi. In an kwantar da shi a mota wajen kawowa, a tsayar da shi ya huta wasu awoyi kafin a kunna, man ya koma mazauninsa.

Yaya ake haɗa bututun da ya zo da gas a ciki? Kuma in ya yi tsawo sai a yanke?

Kada ka yanke. Kana yankewa gas ya tafi, kuma dalilin sayen irinsa ya tafi tare da shi. Tsawonsa ƙayyadadde ne, wanda aka fi sani ƙafa 16 da ƙafa 25, don haka tun kafin saye ake auna nisa. Ragowar a naɗe ta da faɗi, a kwance, a bayan injin ko ƙarƙashinsa. In aka rataye naɗin a tsaye, mai yana iya taruwa a gindin kowane zagaye ya ƙi komawa kwamfiresa.

Wajen warwarewa a bi a hankali, ana mirgina naɗin a ƙasa. Jan ƙarfe yana da taushi, in ya karye gwiwa sau ɗaya ya matse hanyar gas, kuma ba ya komawa yadda yake.

Wajen haɗawa, kada ka cire murfin bakin sai lokacin da za ka ɗaura, don ƙura. Fara murɗawa da yatsu, ya shiga zare uku ko huɗu ba tare da gardama ba; in ya cije tun farko, ya hau a karkace, warware ka sake. Sannan sifana biyu: ɗaya ta riƙe, ɗaya ta murɗa. Littafin da ya zo da shi ya faɗi ƙimar tamkewa ga kowane baki, kuma akwai sifana mai ma'auni da ke yin ƙara in an kai. Bayan an buɗe bawul, a kaɗa ruwan sabulu a shafa a kowane haɗi. Kumfar da ke girma alamar yoyo ce.

Ga mai bututu fanko kuwa ana yankewa, amma kada ya gaza kamar mita uku. Gas ɗin da ke cikin injin galibi na bututun mita biyar ne. In nisan ya wuce abin da littafin ya faɗa, sai an ƙara gas da sikeli, giram kaza ga kowace mita.

Wutar fa? Zai hau janareta ko sola?

Esi layinsa yake so shi kaɗai, daga allon gida, da birekarsa. Ga HP 1 da 1.5, waya mai kaurin milimita 2.5 da bireka ta amfiya 16 zuwa 20 su ne aka saba. Ba a sa shi a wayar jona-jona, ba a haɗa shi da firji da dutsen guga. Wayar ƙasa, wadda masu aikin wuta ke kira atin, dole ce, ko da gidan bai saba da ita ba: jikin injin ƙarfe ne, yana waje, ruwa na dukansa, yara na taɓawa. Wayar da ke tsakanin akwatin ciki da injin waje tana da lambobi, 1 ta tafi 1, 2 ta tafi 2. In ba ka taɓa aikin allon wuta ba, wannan ma a kira mai yi.

HP 1.5 yana cin wajen wat 1,000 zuwa 1,200 in yana aiki da dukan ƙarfinsa. Marar inbata yana fizgar ninkin haka sau da yawa a daƙiƙar tashi, shi ya sa kake jin janareta ya durƙusa. Mai inbata a hankali yake tashi, kuma in ɗaki ya yi sanyi yakan sauka zuwa 'yan ɗaruruwan wat. Don haka mai sola ko matsakaicin janareta, mai inbata ne nasa. Ƙaramin janaretan nan na fitila da fanka ba zai ɗauki ko wanne ba. Da rana sola na ɗaukar esi cikin sauƙi. Dare ne ke cin batir, kuma nan ne lissafin ke tsada.

Raunin mai inbata allon lantarkinsa ne, ba ya son wuta mai hawa da sauka. Inda wuta ke zuwa ba ƙarfi, a sa masa sitabilaiza da ta fi ƙarfinsa. In an ɗauke wuta an dawo da ita, za ka ga injin waje ya yi shiru kamar minti uku. Ba lalacewa ba ce, jira yake matsin gas ya daidaita.

An ce yana ɗumama ɗaki. Ta yaya abin sanyi zai ba da zafi?

Ka tuna gas ɗin ɗan dakon zafi ne. A cikin injin waje na irin masu ɗumamawa akwai wani bawul mai baki huɗu da ke juya hanyar gas, sai dakon ya koma baya: a kwaso zafi daga iskar waje a sauke cikin ɗaki. Ko iskar da muke ji da sanyi tana da zafin da za a iya tatsa. Shi ya sa ya fi hita mai jan waya araha nesa: hita in ta ci wat 1,000, zafin wat 1,000 za ta ba ka; esi a matsakaicin sanyi yakan ba da ninki uku ko fiye. A Norway da Suwidin da Finlan gidaje da yawa da shi suke fitar da hunturu, akwai kuma waɗanda aka ƙera su yi aiki har digiri 25 ƙasa da sifili.

Yawancin waɗanda ake kawowa kasuwarmu sanyi kaɗai suke yi, ko da rimot ɗin na da alamar rana, domin rimot ɗaya ake bugawa ga kowane iri. A duba takardar jikin injin: in an rubuta ƙarfin ɗumamawa ban da na sanyayawa, yana yi. Ga mutumin Jos ko Mambila ko Agadas, ko gidan da ke da tsoho ko jariri a tsakiyar hunturu, ƙarin kuɗin ba asara ba ne. Ya fi kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, wanda hayaƙinsa marar wari ke kashe mutane cikin barci.

In kana ɗumamawa a wuri mai tsananin sanyi, wani lokaci iskar ciki za ta tsaya na 'yan mintuna, injin waje ya yi tururi, ruwa ya zubo ƙarƙashinsa. Ƙanƙarar da ta kama shi yake narkarwa. Ka bar shi. A juya fukafukan su kalli ƙasa, domin iska mai ɗumi sama take gudu.

In na sa shi a 16 ya fi saurin sanyi?

A'a. Lambar rimot wurin tsayawa ce, ba totur ba. Daga digiri 38, ko 16 ka sa ko 24, da ƙarfi ɗaya zai fara. Bambancin shi ne a 24 zai kai ya huta, a 16 kuwa da wuya ya kai, haka zai kwana yana ja, kai kuma ka tashi da mura. Tsakanin 24 da 26 tare da fankar sama a hankali ya ishi yawancin mutane. Alamar ɗigon ruwa ta rage laima ce, ta damina. A bazara da hunturu iskarmu ta riga ta bushe.

Mai gyara ya ce gas ya ƙare, a ƙara. Duk shekara nawa ake ƙarawa?

Ba a ƙarawa. Gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa, zagaye yake yi a rufaffiyar hanya. In ya ragu, ta wani wuri ya fita, kuma mafi yawa ta notin da aka ɗaura ranar farko. Wanda ya ƙara maka bai nemo yoyon ba, ya yi wa kansa tanadin dawowa baɗi. Alamomin ragi: sanyi ya yi rauni, ƙanƙara ta kama siririn bututu a jikin injin waje, ko ka ga maiƙo a kan noti. Amma kafin a zargi gas a duba datti, don toshewar rariyar da ke tace ƙura a akwatin ciki ma tana kawo ƙanƙara da rashin sanyi.

Kuma ba a gauraya iri. Takardar jikin injin ta faɗi nasa: tsofaffi R-22, wanda ake janyewa a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana cin rufin ozon, na bayansu R-410A, sababbi da yawa R-32. An koma R-32 ne don illarsa wajen ɗumamar duniya kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta R-410A, abin da gyaran Kigali na 2016 ya sa ƙasashe a gaba. Sai dai R-32 yana iya kama wuta in ya taru, R-290 kuwa gas ne mai ci sosai, ɗan'uwan na girki. Ba a kusantar su da wutar walda ko sigari.

Wace kulawa zan yi da kaina?

Rariyar da ke ƙarƙashin murfin akwatin ciki: a zare, a wanke da ruwa, a shanya a inuwa, a mayar. Duk mako biyu, a hunturu kuwa duk mako. Injin waje, a kashe bireka, a wanke ƙarafan bayansa da ruwan tiyo marar ƙarfi, sau ɗaya bayan ƙurar hunturu kafin zafi ya shigo, sau ɗaya bayan damina. Injin wankin mota yana kwantar da siraran ƙarafan, kada a yi amfani da shi. In ɗaki ya fara warin gumi, gansakuka ce a fankar ciki. A riƙa barin fanka kaɗai ta yi rabin awa bayan an kashe sanyi, cikin ya bushe. Robar da ta rufe bututun waje rana na cinye ta, a duba a sake naɗewa.

Yana shigo da sabuwar iska daga waje?

Ba ya yi. Iskar ɗakin yake juyawa. A buɗe taga da safe ɗaki ya sha iska, kuma janareta ya yi nesa da taga da ramin bututu.

Gidan haya nake. In zan tashi, zan iya cire shi in tafi da shi?

Za ka iya, amma ba a kwance noti haka kawai, gas ɗin duka zai tsere. Ana kunna shi a sanyi, a rufe ƙaramin bawul, kwamfiresa ya janye gas ɗin ya tara a injin waje, a rufe babban bawul, a kashe nan take. Aikin bai fi minti biyu ba, amma na mai agogon auna gas ne: in akwai yoyo ko an kwance bututu kwamfiresa na gudu, iska za ta shiga, kuma kwamfiresa na iya fashewa. Bayan an cire, a toshe bakin bututu da na bawul da murfi ko tef tun kafin a ɗora a mota. A sabon gida a sake gyara bakin bututun, a sake zuƙe iska kamar ranar farko. Mai bututu mai gas a ciki kuwa, a duba littafinsa, domin ba kowane baki ne aka yi shi don a kwance a sake ɗaurawa ba. Ramin da ka bari a bangon mai gida, siminti kwano ɗaya ya ishe shi.